Haɗin gwiwar jiha da 'yan kasuwa kan shirin tarbar bala'i: wa zai fara zuba kuɗi?

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a hukumar agajin gaggawa ta ɗaya daga cikin jihohin Arewa. Kullum ana ce mana gwamnati ba za ta iya ita kaɗai ba, mu nemi haɗin gwiwa da kamfanoni da 'yan kasuwa. Mun rubuta wasiƙu, mun kira taro, amma ba ma ganin kowa sai bayan ruwa ya ci gari. Ta wace hanya ake samar wa irin wannan haɗin gwiwa kuɗi tun bala'i bai auku ba?

Amsa: Malam, Allah ya saka muku da alheri kan wannan aiki, domin ma'aikacin agajin gaggawa shi ake fara ɗora wa laifi, shi ne kuma na ƙarshen samun kayan aiki. Ina so ka ɗauko ɗaya daga cikin wasiƙun da kuka aika, ka karanta ta da idon manajan kamfani. Kusan na tabbata abin da ke ciki roƙo ne: a taimaka wa hukuma da duk abin da ya sauwaƙa. Kamfani yana amsa roƙo ranar da gari ya nutse, saboda tausayi, kuma saboda idon jama'a na kansa. A watan Maris kuwa, lokacin da ake buƙatar kuɗin yashe lambatu da ɗaure jinga, abu uku manajan zai so ya ji: nawa gwamnati ta sa, a hannun wa kuɗin zai zauna, wa kuma zai ba shi lissafi. In wasiƙar ba ta amsa waɗannan ba, ba zai ce maka a'a ba. Zai ce za su duba, shi ke nan.

Don haka ga ra'ayina tun daga farko. Nairar farko ta jiha ce, kuma dole ta fito ta hanyar doka, ta zauna a asusun da ba ya mutuwa da ƙarewar shekara. Kuɗin 'yan kasuwa biyo baya yake yi, ta yarjejeniyar da aka sa wa hannu tun da rani.

Kada wani ya ce maka attajiranmu marowata ne, domin tarihi bai nuna haka ba. A ambaliyar 2012, wadda ta kashe mutum 363 ta raba sama da miliyan 2 da gidajensu, Shugaba Goodluck Jonathan ya fitar da naira biliyan 17.6, ya kuma kafa kwamitin tara gudummawa ƙarƙashin Aliko Dangote da Olisa Agbakoba. An yi alkawarin biliyoyi, kodayake daga baya kwamitin ya sha bin wasu masu alkawarin. A 2020, lokacin korona, bankuna da manyan kamfanoni sun kafa gamayyar CACOVID, suka tara biliyoyin naira cikin 'yan makonni, suka sayi abinci suka miƙa wa jihohi. A watan Oktoban shekarar sai ga jama'a suna fasa sito a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, suna fitowa da buhuna da katan-katan ɗauke da sunan gamayyar. Duk shugaban kamfanin da ya ga hotunan nan ya ɗauki darasi: shi ya biya kuɗin kayan, rabo ya maƙale a hannun da ba nasa ba, amma sunansa ne a jikin buhu. Wannan tabon yana cikin abin da ke sa ana yi wa wasiƙunku shiru har yau.

Sai Maiduguri. A daren 9 ga Satumban 2024 wayewar 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shiga Gwange da Fori da Kasuwar Monde da asibitin koyarwa, har fadar Shehu. Dubban ɗaruruwan mutane sun bar gidajensu. Cikin kwanaki kaɗan Dangote da Abdussamad Rabi'u da Alhaji Aminu Dantata da gwamnoni da bankuna suka yi ta kai gudummawa, kuma Allah ya ba su lada. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar. Alhali wannan madatsa ta taɓa jawo wa garin ambaliya a 1994, ba baƙon haɗari ba ne. Kuɗi akwai su a ƙasar nan, a hannun gwamnati da na 'yan kasuwa. Makara suke yi, kuma babu amintaccen wurin da za su zauna kafin ranar buƙata.

To, ina jiha za ta samo nata kason? Ba sai an ƙirƙiro sabon haraji ba. Tun 1981 akwai asusun kula da muhalli da ake cirewa daga asusun tarayya. A tsarin rabon da ake bi, gwamnatin tarayya na karɓar kashi 1 cikin 100, jihohi kashi 0.72, ƙananan hukumomi kashi 0.60. Dokar da ta kafa NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, a 1999 ta ba hukumar kashi 20 cikin 100 na kason tarayya, shi ya sa NEMA take da wani abin dogaro ko yaya ne. A jihohi da dama babu makamancin wannan tanadi. Kuɗin muhalli yana shigowa tare da kason wata-wata, ya gauraya da na albashi da na kwangila, hukumar agaji kuma sai ta rubuta takarda zuwa ofishin gwamna duk lokacin da take son ko da man mota. Ka fi ni sanin cewa sa kuɗi a kasafi daban, sakin kuɗin daban. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna ta biyo baya da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ke yi wa barazana. Aikin shiri tsakanin Fabrairu da Mayu ake yinsa. Kuɗin da aka saki a watan Agusta ya riga ya zama kuɗin tabarma da bargo.

Ƙasar da nake so ku duba ita ce Filifin, wadda guguwa ke dukanta kowace shekara. Dokarsu ta 2010 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma da lardi ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta don bala'i. Kashi 70 na wannan kuɗi na shiri ne, kashi 30 na agajin gaggawa. Abin da ya fi burge ni a dokar shi ne ragowar da ba a kashe ba: tana shiga asusun amana na musamman ta zauna har shekara 5, ba ta komawa baitulmali a ranar 31 ga Disamba. Wannan sharaɗi yana kashe mugun halin nan na rige-rigen ƙarar da kuɗi a ƙarshen shekara, yana kuma ba shekarar sauƙi damar tara wa shekarar tsanani. A Indiya kowace jiha tana da asusun bala'i, gwamnatin tsakiya na zuba kashi 75, jiha kashi 25 a yawancin jihohi. Babu abin da zai hana majalisar dokokin jiharku yin doka ta shafi biyu ko uku da za ta ce kaza daga kuɗin muhalli zai riƙa wucewa kai tsaye zuwa asusun shiri, ba tare da jiran sa hannun kowa ba.

Wa zai riƙe asusun? A nan ake cin amana, a nan kuma ake samunta. Misali mafi kusa da mu shi ne asusun tsaro na Jihar Legas da aka kafa da doka a 2007. 'Yan kasuwa ne suka fi yawa a kwamitin amintattunsa, ba ya miƙa wa jami'an tsaro tsabar kuɗi, kaya yake saya ya ba su, kuma duk shekara ana kiran taro a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe. Gwamnoni sun canja, asusun na nan. Irin wannan siffa za ku ɗauka: wakilin 'yan kasuwa, wakilin masarauta, injiniya, akanta, wakiliyar mata, da shugaban hukumarku a matsayin sakatare. Dokar ta ƙayyade abin da za a kashe wa gudanarwa, ni ba zan yarda ya wuce kashi 10 ba, ta kuma haramta sayen motocin manya da taron otal da kuɗin. Sannan a sa ƙa'idar naira-da-naira: duk wanda ya zuba naira ɗaya a wani aikin shiri, asusu ya zuba ɗaya. Ɗan kasuwa ya fi sakin jiki idan ya ga gwamnati ma tana da abin asara.

Yanzu mu zo kan su kansu 'yan kasuwar. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauke su duk abu ɗaya. Akwai mai bayarwa don Allah ko don suna, akwai wanda dukiyarsa ce ke bakin ruwa, akwai kuma wanda riba yake nema. Na farko kowa ya san shi, kuma shi wasiƙunku ke nema, amma kuɗinsa ba shi da tabbas, ba a gina shiri a kansa. Na biyu shi ne abokin tafiyarku na gaskiya, shi kuma aka fi mantawa da shi.

Ɗauki kasuwa. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari, aka yi ta fito da dilolin atamfa da shadda da leshi a jiƙe, kuma 'yan kasuwar da kansu sun yi ta kuka da gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa. Mutumin da ya ga dukiyarsa a cikin taɓo ba ya buƙatar lacca kan amfanin rigakafi. Dama can yana biyan kuɗin gadi da na shara. Abin da zai hana shi ƙara wani abu shi ne tsoron kuɗin ya tafi sakatariya ya ɓace. To, a bar ƙungiyar kasuwa ta tara da kanta, a asusun haɗin gwiwa mai sa hannu biyu, kuma a kashe a cikin wannan kasuwar: rijiyar burtsatse da tankin ruwa, gyaran wayoyin lantarki da suka sarƙe, yashe lambatu kafin ruwan farko, buɗe layin da motar 'yan kwana-kwana za ta iya shiga. Kason gwamnati shi ne mota da ma'aikata da kuɗin naira-da-naira, sai kuma abin da ita kaɗai ke iya yi, wato hana gini a kan magudana, da rushe wanda aka riga aka yi ko na wane ne. Wannan ba ya cin kuɗi sosai, ƙarfin zuciya yake ci. Gwamnatin da ke sayar da filin magudana da hannun dama ba za ta karɓi kuɗin yashe ta da hannun hagu ba, 'yan kasuwa sun fi haka wayo. Kuma ina roƙonku kada ku mayar da wannan wani sabon rasit da za a riƙa bin shaguna da shi, mutane sun gaji da haraji barkatai.

Haka lamarin yake ga masu injin casar shinkafa da ke sayen shanshera daga fadamun Haɗeja, ga kamfanonin sadarwa da turakunsu ke tsaye a ƙauyukan bakin kogi, ga bankunan da suka ba manoma rance. Kowannensu yana asara idan Auyo ko Kafin Hausa ko Guri ta nutse. Kada ka je wa mai injin shinkafa da maganar jin ƙai. Ka je masa da taswirar inda jinga ta karye bara, da tsawon wurin, da farashin gyaransa, da yawan gonakin da ke bayansa.

Hanyar da na fi so, kuma ta fi kowace arha, ita ce kwangilar jiran ko-ta-kwana. Bari in kwatanta da jirgin ruwa. Gwamnati kan sayi jirage masu inji, a yi bikin ƙaddamarwa, sannan su zauna a rana wata tara. Ranar buƙata inji ya ƙi tashi, babu mai, matuƙin kuma bai san kogin ba. Alhali a Numan da Demsa, ko a Yawuri, ko a gaɓar Haɗeja, akwai masu kwale-kwale da masunta waɗanda a kan ruwan aka haife su. Tun watan Afrilu a zauna da sarkin ruwa da shugabannin ƙungiyarsu. A rubuta sunan kowane jirgi, mutum nawa yake ɗauka, lambar wayar mai shi. A daidaita kuɗin yini tun ruwa bai zo ba. A ba kowane ɗan kafin alƙalami don ya toshe yoyo ya gyara inji, a ba shi rigunan kariya, a nuna masa gidan man da zai sha mai da takarda. Shi kuma ya sa hannu cewa in an kira shi zai fito cikin awa kaza. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma duk wanda ya taɓa cinikin jirgi alhali mutane na kan rufin ɗaki ya san farashin da ake yanka masa.

Irin wannan yarjejeniya za a yi da ƙungiyar direbobin manyan motoci, da masu katafila, da masu tankar ruwa, da kantunan magani, da masu POS da za su biya mutane tallafi. Abinci ma haka. Maimakon hukuma ta cika sito da shinkafa da masara har ƙwari su cinye, ko a ajiye ana jiran ranar siyasa, sai a biya mai injin ko babban dila kuɗin riƙo kaɗan, ya ɗauki alkawarin cewa kullum akwai buhu kaza da sunan jiha a sitonsa. Yana sayar da tsoho yana maye gurbinsa da sabo, kaya ba ya lalacewa, hukuma ba ta biyan gadi. Duk wannan yana tsayawa ne a kan abu ɗaya: biya a kan lokaci. A rubuta cewa za a biya cikin mako biyu, kuma a biya. Ɗan kwangilar da ya san zai yi shekara yana sintiri a ma'aikatar kuɗi dole ya ninka farashi, ko ya kashe wayarsa ranar da kuka kira. Shi ya sa na ce asusu mai tsabar kuɗi a ciki shi ne tushe.

Gargaɗi kuwa kusan kyauta ne in an shirya. Gidajen rediyo masu zaman kansu za su ba da mintoci, kamfanonin waya za su iya tura saƙo. Naku shi ne saƙon ya kasance da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci, ya ambaci sunan ƙauyen, ya faɗi tudun da za a nufa, kuma mai unguwa da liman sun san da shi tun kafin ranar.

Na uku, mai neman riba, shi ne ake nufi idan manyan jami'ai suna maganar haɗin gwiwar gwamnati da kamfanoni, kuma a nan nake so ku yi hattara. Irin wannan tsari yana tafiya ne inda aikin ke kawo kuɗi, kamar tashar jirgi ko titi mai shingen karɓar kuɗi. Magudanar ruwa ba ta da ƙofar da za a tsaya a karɓi kuɗi, jinga ba ta sayar da tikiti. Duk kamfanin da ya ce zai gina muku da kuɗinsa, daga baitulmalin jiha zai fanshe, da riba a kai. Wannan bashi ne, a kira shi da sunansa, a kai shi gaban majalisa. Ba laifi ba ne in an yi shi ido buɗe. Ana iya ba kamfani gini da kula da babbar magudana na shekara 10, ana biyansa duk wata uku bisa sharaɗin injiniya mai zaman kansa ya tabbatar ruwa na wucewa. Amfanin wannan shi ne ya ɗaure kuɗin kulawa, wanda shi ne kullum ake yankewa. Dokar 2005 da ta kafa hukumar ICRC, mai sa ido kan irin wannan haɗin gwiwa, ayyukan tarayya ta shafa, don haka ka bincika ko jiharku na da tata dokar kafin a sa hannu a komai.

Idan bashi za a ci, sukuk, wato takardun bashi na tsarin Musulunci, hanya ce da mutanenmu za su karɓa da natsuwa. Jihar Osun ta fitar da na naira biliyan 11.4 a 2013 don gina makarantu, gwamnatin tarayya ta fara nata a 2017 da biliyan 100 don tituna. Amma bashi na abin da zai daɗe ne: kwalbati, magudana, jinga, matsuguni a kan tudu. Jihar da ta ci bashi ta sayi taliya da tabarma ta zalunci 'ya'yanta. Za ka kuma ji ana kawo misalin umarnin Shugaba Buhari mai lamba 7 na 2019, wanda ya ba kamfani damar gina titi a cire masa daga haraji. Harajin kamfanoni na tarayya ne, gwamna ba shi da ikon yafe shi. Abin da ke hannun jiha ƙanana ne, kamar kuɗin ƙasa da na allunan talla, su ma sai da doka da kuma wanda zai tantance ainihin kuɗin aikin. Akwai kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai farfaɗo da ƙasa da noma a yankunan da ke fama da ƙarancin ruwa, dala miliyan 700 da aka amince da su a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Ku san abin da ofishinsa ke yi a jiharku, kada ku nemi ɗan kasuwa ya biya abin da tuni an ciyo bashinsa.

Inshora tana da gurbinta, amma a saman bene take. Ambaliyar da ke zuwa kusan kowace shekara da kasafi ake tarbarta, domin babu kamfanin da zai ɗauki asarar da ya tabbatar za ta auku sai da tsada. Inshora ta bala'in da ke zuwa sau ɗaya a shekara 20 ko 30 ce. Tarayyar Afirka ta kafa hukumar inshorar bala'i ta ARC a 2012 don wannan, inda ake biya bisa ma'aunin ruwan sama ba tare da jiran a ƙirga asara ba. A farkon 2015 ta biya Senegal da Muritaniya da Nijar sama da dala miliyan 26 saboda fari, Nijar ta samu miliyan 3.5. Sai dai ka san labarin Malawi. Ta biya kuɗin inshorarta, fari ya zo a 2016, mutum sama da miliyan 6 suka shiga buƙatar abinci, amma lissafin kwamfuta ya ce abin bai kai a biya ba. Da aka bincika sai aka gano an gina lissafin a kan wani irin masara, manoma kuwa wani iri suke shukawa. An gyara, aka biya dala miliyan 8.1 a farkon 2017, bayan watanni na yunwa. Duk wanda ya kawo muku irin wannan inshora, ku tambaye shi da wane ma'auni za a biya, wa ke karanta shi, kuma ku gwada shi da shekarun 2012 da 2022 ku ga ko da ya biya. Ga 'yan kasuwa da manoma da ke ƙyamar inshorar gargajiya saboda addini, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi a ƙasar nan, kuma asusun jiha zai iya ɗauke wa ƙananan masu shago wani ɓangare na kuɗin shiga.

Tunda an zo maganar addini, zakka tana da mutanenta takwas da Alƙur'ani ya ambata, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a gina magudana da ita ba, kodayake wanda ruwa ya talauta ya shiga cikin masu karɓa. Waƙafi shi ne ya dace da shiri. Attajiri zai iya tsayar da shaguna ko gida, kuɗin hayarsu ya riƙa tafiya ga kula da jinga ko motar kashe gobara har bayan ransa. Zamfara da Sakkwato da Kano suna da hukumomin zakka da waƙafi, kuma ban ga dalilin da zai hana hukumarku zama da irinsu ba.

Wani abu da nake so asusun ya tanada shi ne ba mutane kuɗi kafin ruwa ya iso. An gwada a Adamawa a 2022, inda ƙungiyar agaji ta IRC ta ɗauki gidaje 1,450 a garuruwan da ambaliya ke ci, rabi aka ba su kuɗi da zarar hasashe ya nuna ruwa na tafe, rabi sai bayan ya zo. Waɗanda suka samu da wuri sun fi ɗaukar matakin kariya kamar girbi da wuri da tanadin abinci, kuma ba su faɗa cikin matsi irin na sauran ba. Wannan aiki ne da banki da kamfanin waya za su yi da kyau, muddin an yi rajistar gidajen tun da rani.

Ka kuma san iyakar jiha. Madatsun ruwa na Alau da Tiga da Challawa suna ƙarƙashin hukumomin raya koguna na tarayya, madatsar Lagdo kuwa tana Kamaru. Asusun jiha ba zai gyara dam ba, kuma kada a bar shi ya nutse a can. Abin da zai iya shi ne biyan masu karanta ma'aunin ruwa, da neman a sanar da ku kafin a saki ruwa, da haɗa kai da maƙwabta, domin ciyawar kachala da ta toshe kogi a wata jiha ita ke tura ruwa gonakin wata. Tun 2006 jihohi shida, Bauci da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka kafa asusun amana na kogunan Haɗeja da Jama'are da Komadugu-Yobe, don haka akwai inda za a ɗora.

Na san kai ba gwamna ba ne, ba kuma ɗan majalisa ba. Abin da ke hannunka shi ne takarda, kuma takarda mai kyau tana tafiya nesa. Ka ɗauki mazaɓu goma da ruwa ya fi ci a shekarun nan. A kowace ka rubuta aiki ɗaya ko biyu, da farashinsa, da watan da ya kamata a gama shi, da sunan kasuwa ko masana'anta ko ƙungiyar da ke asara idan ba a yi ba. Ka ware abin da gwamnati za ta sa a gefe guda, abin da ake nema a ɗaya gefen. Wannan ita ce wasiƙar da manaja zai iya kai wa shugabanninsa. Kwafi ɗaya ya je wa shugaban kwamitin majalisa mai kula da muhalli ko agaji, tare da daftarin dokar asusun. In an samu ko mutum biyu sun amsa a shekarar farko, ku yi aikin, ku ɗauki hoton wurin kafin da bayan, sannan a watan Disamba ku karanta lissafin a rediyo har kwabo. Idan kuma aka ce maka jiha ba ta da kuɗin da za ta fara, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa rabon asusun tarayya na kowane wata a intanet, da kason muhalli na kowace jiha a layinsa. Ka tara na wata 12 da suka wuce, ka rubuta jimillar a saman shafin farko.